Yadda Ake Sa Fasahar Kwamfuta Ta Yi Wa Kasuwanci Aiki, Tun Daga Masana'anta Har Hannun Mai Saye

Kamfani yakan zuba kuɗi ya sayi manhajar sarrafa kaya, a yi watanni ana girka ta, a horar da ma'aikata, sannan ranar da aka kunna ta allo ya nuna akwai kwali 300 a sito, mai sito kuma yana rantsuwa ko ɗaya babu. Galibi manhajar lafiyarta ƙalau, abin da aka zuba mata ne ta mayar. In kwamfuta ta tarar da hargitsi, kwafe shi take yi ta raba wa kowane sashe cikin daƙiƙa guda. Don haka jeruwar matakan nan ita ce rabin aikin: a san inda kasuwancin ya dosa, a daidaita sunaye da lambobi da ma'auni, sannan a nemi manhaja.

Mataki na 1: Faɗi abin da kake cin kasuwa da shi

Kafin a yi zancen na'ura, masu kamfani su zauna su amsa tambaya ɗaya a rubuce: me zai sa mai saye ya zo wurinmu ya bar na wasu? Araha ce, ko saurin kawo sabon kaya, ko yi wa kowa daidai abin da yake so? Amsar ita ke nuna irin fasahar da ake bukata.

Walmart na Amurka ya zaɓi araha. A farkon shekarun 1990 ya buɗe wa masu kawo masa kaya tsarin Retail Link, inda suke ganin yadda kayansu ke fita a kowane shago, su cike gurbi ba tare da an tara kaya a sito ba. Zara na Sifen ya zaɓi sauri: shaguna suna sanar da hedikwata abin da ke tafiya da wanda ya ƙi tafiya, a ɗinka kaɗan-kaɗan, a aika sabbin kaya sau biyu a mako. Dell kuwa, a shekarun 1990, sai an yi oda yake haɗa kwamfuta. Dukkansu sun dogara da fasaha, amma da za a ɗauki tsarin ɗaya a ɗora wa ɗayan, da ya zame masa kaya.

Rubuta amsarka cikin jimla ɗaya, ka sa mata adadi. Misali: duk odar da ta shigo kafin tsakar rana za ta fita a ranar. Daga nan duk mai tallan manhaja da ya zo, wannan jimlar za a auna shi da ita.

Mataki na 2: Bi oda ɗaya da ƙafarka

Ɗauki oda guda ta gaske ka bi ta tun daga shigowarta har kuɗinta ya faɗa asusu. Abu uku ne ke tafiya tare, kaya da bayani da kuɗi, kuma ba kasafai suke tafiya da gudu ɗaya ba. Zana komai a babbar takarda. Duk inda wani ya sake buga abin da wani ya riga ya buga, yi masa jan alama. Duk inda aka tsaya jiran sa hannu, rubuta awa nawa ake yi. Mai karɓar kaya a ƙofar sito da direba da akawun biya su za ka tambaya, don manaja yakan faɗi yadda ya kamata a yi, su kuma su faɗi yadda ake yi.

In kana son tsarin da za ka jera abin da ka gano, akwai SCOR, wanda aka fitar a 1996. Asalinsa ya kasa aikin zuwa tsarawa, sayo kaya, sarrafawa da isarwa, daga baya aka ƙara dawo da kaya. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, alhali kayan da aka dawo da su sun fi komai rikita lissafin sito.

Mataki na 3: Kaya ɗaya, lamba ɗaya

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi ƙosawa, don babu abin burgewa a cikinsa. Buɗe jerin kayanka ka nemi abu guda, a ce ƙaramin batir. Za ka iya samunsa sau uku: sashen saye ya rubuta shi da sunan masana'anta, mai sito ya rubuta shi da girmansa, sashen sayarwa ya gajarce sunan. A idon mutum abu ɗaya ne. A wurin kwamfuta kaya uku ne, kowanne da adadinsa, kuma za ta ce a sayo na ɗaya alhali na biyu ya cika shiryayye. Sai an haɗe su an bar ɗaya tak.

Ba sai ka ƙirƙiro tsarin lamba ba, duniya ta daɗe da yin wannan. Ranar 26 ga Yuni 1974 aka fara karanta barkod, wato zanen layukan da na'ura ke karantawa a jikin kaya, a wani kantin Marsh da ke garin Troy a jihar Ohayo, a kan fakitin cingam na Wrigley. Turai ta kafa nata tsarin mai lamba 13 a 1977, kuma a 2005 ɓangarorin biyu, na Amurka da na Turai, suka koma ƙarƙashin suna ɗaya, GS1. Kamfani yakan yi rajista da reshen GS1, a ba shi lambobin farko da ba wanda ke da irinsu, shi kuma ya ƙarasa sauran. Uku daga cikin lambobin GS1 su za ka fi bukata. GTIN ita ce ta kaya. GLN, mai lamba 13, ita ce ta wuri, wato sito ko shago ko ƙofar sauke kaya. SSCC, mai lamba 18, ita ce ta ƙunshin da aka ɗaure don tafiya, kamar palet guda, wato katakon da ake jera kwalaye a kai, kuma ba a ba ƙunshi biyu lamba ɗaya ko da abin da ke cikinsu iri ɗaya ne.

Lambar ƙarshe ta GTIN mai gadi ce. Ɗauki 629104150021. Daga hagu, ka ninka ta farko da 1, ta biyu da 3, ta uku da 1, haka har ƙarshe, ka tara. Za ka samu 57. Abin da ya rage a kai 60, wato cikon goma na gaba, shi ne 3, don haka cikakkiyar lambar ita ce 6291041500213. In akawu ya yi kuskuren lamba ɗaya wajen bugawa, lissafin ba zai fita ba, manhaja ta ƙi karɓa. Ka tabbata an kunna wannan binciken a duk inda ake buga lamba da hannu.

Akwai dokoki da ba a sassauta su. Guda ɗaya da kwali mai guda 12 da kwali mai guda 24, kowanne da lambarsa, kuma a rubuta a fili nawa ke cikin nawa. Mafi yawan bambancin da ake gani tsakanin allo da sito daga nan yake: an sayo da kwali, an sayar da ɗai-ɗai, ba wanda ya gaya wa kwamfuta yadda za ta juya. Lambar da aka yi ritayarta kuma kada a ba wani kaya. Sannan ka guji cusa ma'ana a cikin lamba, irin a ce biyun farko na nufin mai kawo kaya, don ranar da ka sauya mai kawowa lambar ta zama ƙarya. Bayani ya zauna a gurbinsa, lamba ta tsaya lamba.

Haka ma'auni. A zaɓi santimita da kilo ko inci da fam, a tsaya a kai, a kuma yarda wane gefe ne tsawo, wane ne faɗi. Kwanan wata a bi ISO 8601, ƙa'idar hukumar daidaita ma'auni ta duniya (ISO), shekara sai wata sai rana, don 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Bature ɗan Ingila kuma 3 ga Afrilu. Kuɗi a yi amfani da haruffa uku na ISO 4217, kamar USD da EUR. Kayan da ke ƙetare iyaka a sa musu lambar HS ta Hukumar Kwastan ta Duniya, tsarin da ya fara aiki a 1988. Lambobi shidan farko iri ɗaya ne a ƙasashen da ke bin tsarin, kowace ƙasa kuma tana ƙara nata a baya.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya duba abin da ya faru da Target a Kanada. Ya buɗe shaguna a 2013 da sabon tsari, aka shigar da bayanan dubban kayayyaki cikin gaggawa, da kurakurai a awo da adadi da lambobi. Kaya suka cunkushe a manyan sito-sito, shiryayyun shaguna kuma fayau. A Janairun 2015 kamfanin ya sanar da rufe dukkan shagunansa 133 na ƙasar. Akwai wasu dalilan, amma gurɓataccen bayani na sahun gaba.

Abu na ƙarshe a nan: naɗa mutum ɗaya, ko ƙaramin ofis, wanda shi kaɗai ke da ikon buɗe sabon kaya ko sabon mai kawo kaya a tsarin. In kowa na iya buɗewa, cikin shekara guda batir ɗin nan zai sake komawa uku.

Mataki na 4: Daidaita yadda ake aikin

In kana da sito biyar kuma kowanne da yadda yake karɓar kaya, manhaja ɗaya ba za ta ɗauke su ba. A zaɓi hanya guda a rubuta: mota ta iso, a karanta lambar palet, a gwada da abin da aka yi oda, a ƙirga, a ware wanda ya lalace, a ba kaya mazauni, sannan a shigar. Kowace shiryayye ita ma da lambarta.

Kwantena ta nuna amfanin wannan. A 1956 jirgin ruwan ɗan kasuwa Malcom McLean mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58. Amma ribar gaske ba ta bayyana ba sai a ƙarshen shekarun 1960, da ISO ta tsayar da girma da kusurwoyin kamawa, yadda kwantena mai ƙafa 20 ko 40 za ta hau kowane jirgi da jirgin ƙasa da tirela. Haka kwangila: ƙa'idojin Incoterms na Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya, waɗanda aka fara a 1936, bugun 2020 na da guda 11, kuma haruffa uku kamar FOB ko CIF sun isa su nuna wa ke biyan jigila da inda hasara ke komawa wuyan mai saye. A sa su a gurbi na musamman a cikin oda, tare da sunan wurin.

Sai dai ba komai ake daidaitawa ba. Koma kan jimlar mataki na 1. Abin da ya bambanta ka da sauran shi za ka riƙe yadda kake yinsa. Sauran, irin biyan kuɗi da karɓar kaya da ƙirga, bi yadda kowa ke yi, babu kunya a ciki.

Mataki na 5: Yanzu a nemi manhaja

Uwar tafiyar ita ce manhajar ERP, wadda ke haɗa saye da sayarwa da sito da lissafin kuɗi a rumbun bayanai ɗaya. Manyan kamfanoni sukan je wa SAP ko Oracle ko Dynamics na Microsoft. Ƙanana da matsakaita na iya farawa da Odoo ko ERPNext. Manhajar sito ta musamman da ta tsara jigila sai in aikin ya kai girman da ERP ta kasa.

Kada ka yarda da nunin da mai talla ya shirya a ofishinsa. Ba shi bayananka na gaske da odarka mafi rikici, wadda aka kawo rabi, aka dawo da wani sashe, aka biya da kuɗin wata ƙasa, ka ce ya yi ta a gabanka. Tambaye shi yadda za ka kwashe bayananka in kun rabu, da yadda manhajar ke magana da ta wasu. Lissafa kuɗin shekara biyar, har da horo da gyara da haya, ban da na saye kawai.

Babban tarko shi ne yi wa manhaja kwaskwarima har ta dace da tsohuwar al'adar kamfani. Lidl na Jamus ya fara sauya tsarinsa zuwa SAP a 2011. Shi Lidl yana ƙimanta kayansa da farashin saye, manhajar kuma an gina ta kan farashin sayarwa. Maimakon ɗaya ya bi ɗaya, aka yi ta gyare-gyare, har a 2018 aka watsar da aikin, bayan kashe abin da jaridun kasuwanci suka ruwaito ya kai kusan Yuro miliyan 500. A ganina duk gyaran da aka nema, wanda ya nema ya zo ya nuna yadda yake taimakon jimlar mataki na 1. In ya kasa, a sauya al'adar.

Mataki na 6: Haɗa kai da masu kawo maka kaya

Tsarin da ya tsaya a ƙofar kamfaninka rabin tsari ne. Musayar takardun ciniki tsakanin kwamfuta da kwamfuta, wato EDI, tana da manyan harsuna biyu: X12, wanda aka fara a Amurka a 1979, da EDIFACT na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1987. Takardu uku za ka fara da su. Oda, wadda take 850 a X12, ORDERS a EDIFACT. Sanarwar tasowar kaya, 856 ko DESADV. Takardar neman biya, 810 ko INVOIC.

Ta tsakiyar ta fi sauran amfani. Kafin mota ta iso, sito ya riga ya san palet nawa ke tafe, da lambar SSCC ta kowanne, da abin da ke ciki. Mai karɓa ya ɗaga na'ura ya haska lamba ɗaya, allo ya nuna kwali 48, ya duba ya tabbatar, ya wuce na gaba. Daga nan manhaja ta gwada abu uku, abin da aka yi oda da abin da aka karɓa da abin da ake neman a biya. In sun dace a biya, in sun saɓa a tura wa mutum.

Ƙananan masu kawo kaya ba za su iya EDI ba, kuma tilasta musu korarsu ne. Buɗe musu shafi a intanet inda za su ga oda su cike sanarwa su buga lambar manna wa kaya. Fara da 'yan kaɗan ɗin da suka fi kawo maka kaya da yawa.

Ka kuma nuna musu ainihin abin da kake sayarwa. Kamfanin Procter & Gamble ya lura cewa jarirai suna amfani da kunzugun Pampers kusan daidai kullum, amma odar da ke isowa masana'anta sai ta yi sama ta yi ƙasa. Dalili shi ne kowa a layin, daga mai shago zuwa ɗan sari zuwa babban dillali, yana ƙara ɗan wani abu don tsoron yankewa, yana kuma tara oda ya aika a dunƙule. Kafin labari ya kai masana'anta, ƙaramin motsi ya zama babba. Maganinsa kowa ya ga adadi ɗaya, na abin da mai saye ya ɗauka. Wannan kuwa sai da amana. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin kwamfuta na IBM sun gina dandalin TradeLens don haɗa harkar jiragen ruwa, fasahar ta yi aiki, amma a ƙarshen 2022 suka sanar da rufe shi saboda bai samu haɗin kan masu harkar yadda ake bukata ba.

Mataki na 7: Kunna kaɗan-kaɗan

Fara da sito ɗaya ko rukunin kaya ɗaya. Daren da za a sauya, a tsayar da shige da fice a ƙirga komai da hannu, adadin da aka samu shi za a buɗe sabon tsari da shi. Horo kuma a yi shi da kayan da mutum ke taɓawa kullum, a wurin aikinsa.

Lokaci ma abin dubawa ne. A 1999 kamfanin alewa na Hershey ya kunna manyan manhajoji uku kusan a tare, ana dab da shiga lokacin cinikinsa mafi girma na bikin Halowin. Alewa na nan a sito, amma oda ta kusan dala miliyan 100 ta kasa fita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi watan da kasuwa ta fi sanyi, ka kuma rubuta tun farko abin da in ya faru za a koma tsohon tsari.

Mataki na 8: Auna, ka bar tsarin ya fara yi maka tunani

Ma'auni kaɗan sun isa: kashi nawa na oda ke isa a kan lokaci kuma a cike, kashi nawa na adadin allo ke dacewa da na shiryayye, kwana nawa kaya ke yi kafin su fita, da kwana nawa mai kawo kaya ke ɗauka. A yarda da ma'anar kowanne a rubuce. "Kan lokaci" ranar da mai saye ya nema ne, ko ranar da ka yi alkawari? In ba a tsayar ba, kowane sashe zai zaɓi wadda ta fi yi masa kyau.

Maimakon rufe sito sau ɗaya a shekara, a riƙa ƙirga wani yanki kullum, kaya masu tsada da saurin fita a fi yawan zagayo kansu. In aka ga bambanci, a nemo sanadinsa kafin a gyara adadin.

Sai adadi ya zama abin yarda ake barin manhaja ta ba da shawarar saye. Lissafin mai sauƙi ne. A ce kana sayar da guda 40 a rana, mai kawowa yana ɗaukar kwana 15, kana kuma ajiye 200 don ko-ta-kwana. 40 sau 15 ya ba da 600, a ƙara 200, ke nan da zarar kaya sun sauko 800 sai a yi oda. Kwana 15 ɗin nan daga tarihin isowar kaya za a ɗauko shi, don wanda ke cikin kwangila fata ne. Manhajojin hasashe da ƙirƙirarriyar basira duk a kan wannan tarihin suke koyo, kuma suna koyon kuskurensa tare da shi.

Mataki na 9: Shirya wa ranar da allo zai mutu

Duk abin da ka haɗa wuri ɗaya yana iya faɗuwa lokaci ɗaya. A Yunin 2017 cutar kwamfuta ta NotPetya ta shiga Maersk ta wata manhajar lissafin haraji da ake amfani da ita a Yukren. Tashoshin jiragen ruwa suka tsaya, aka koma takarda da waya. Shugaban hukumar kamfanin ya ce cikin kwana goma suka sake girka manyan kwamfutocin ajiya 4,000 da na tebur 45,000, hasarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da sauran na'urorin, kuma a riƙa gwada dawo da shi, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana aiki ba. Kowa a ba shi iznin abin da aikinsa ke bukata kawai. Wanda ke buɗe sabon mai kawo kaya kada ya zama shi ke amincewa da biyansa. Duk saƙon da ya ce an sauya lambar asusun banki, a kira ta lambar wayar da aka sani tun da a tabbatar. Ma'aikacin da ya bar aiki a rufe hanyar shigarsa a ranar, haka ma ta kamfanonin waje da aka ba ƙofa.

A kowane sito a ajiye fayil na takarda mai ɗauke da fom ɗin karɓa da fitar da kaya, jerin mazaunin kaya da aka buga kwanan nan, da lambobin wayar manyan masu kawowa da masu jigila. Sau ɗaya a shekara, a rana mai sauƙin aiki, a kashe tsarin na 'yan awanni da gangan, a loda mota da takarda, sannan a ga tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a mayar da abin da aka rubuta cikin kwamfuta ba tare da an shigar da wani abu sau biyu ba.